Wasan Almara Na Kan Tebur A Kantin Wasanni: Amsa Ga Wata Uwa

Tambaya: Wata baiwar Allah da ke zaune da iyalinta a jihar Ohio ta ƙasar Amurka ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 15 ya matsa mata lamba ta bar shi ya riƙa zuwa wani kantin sayar da kayan wasanni duk ranar Laraba da yamma, inda ake taruwa a yi wani wasa mai suna Dungeons & Dragons a ƙarƙashin tsarin da ake kira Adventurers League. Ta ce ta ga ƙwayoyi irin na ludo a cikin jakarsa, da wani littafi mai zanen dodanni, shi ya sa hankalinta bai kwanta ba. Tana so ta san yadda wasan yake, da waɗanda ke shirya shi, da kuma ko akwai caca ko sihiri a ciki.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika nemi sani kafin ki yanke hukunci, domin iyaye da yawa ko dai su hana nan take, ko kuma su sakar wa yaro mara ba tare da sun taɓa leƙa inda yake zuwa ba. Na shafe shekaru ina jagorantar irin wannan zama a kantin unguwarmu, na zauna da yara sa'o'in ɗanki da kuma dattawan da suka haife ni, don haka zan faɗa miki abin da na gani da idona. Tun daga farko ina so ki riƙe abu guda: ƙwayoyin da littafin su ne suka fara ɗaukar idonki, amma abin da zai sa zaman ya amfani yaron ko ya cutar da shi shi ne mutumin da ke jagorantar teburinsa, da kuma irin riƙon da mai kantin yake yi wa wurinsa.

Wasan kansa ya fi kama da tatsuniya, sai dai an raba ragamarta. A tatsuniyar da muka taso da ita, idan kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, namu sauraro ne kawai, ba mu da ikon hana Gizo shiga rumbun da ya nufa. A wannan wasan kuwa, mutum ɗaya ne yake bayyana duniyar labarin da duk abin da ke cikinta, shi ne jagoran wasa, sauran mutanen da ke kewaye da teburin kuma kowannensu yana riƙe da jarumi ɗaya wanda shi ne yake yanke masa shawara. Kowane jarumi yana da takardarsa, wadda aka rubuta ƙarfinsa da zafin namansa da juriyarsa da basirarsa da hikimarsa da kwarjininsa a cikin lambobi. Babu wanda yake cin wani a cikinsu, domin dukkan 'yan wasan ɓangare guda suke, kuma tare suke tsira ko su faɗi.

Bari in nuna miki yadda minti biyu na zaman suke kasancewa. Ina zaune a kan teburin, da ɗan allon kwali a gabana wanda yake kare takarduna, sai in ce: "Kun iso bakin wata gada da almuru, akwai mai gadi a tsaye da fitila a hannunsa, kuma ya ce ba mai wucewa sai da takardar sarki. Me za ku yi?" Wani ya ce zai lallashe shi, wata ta ce a koma a nemi kwalekwale, wani yaro kuma ya ce jaruminsa zai lallaɓa ta ƙarƙashin gadar. Sai in ce masa ya jefa ƙwaya mai fuska 20, ya ƙara lambar gwanintarsa ta saɗaɗawa, wadda a takardarsa 5 ce, ni kuma na riga na ƙayyade a raina cewa sai ya kai 15. Idan ƙwayar ta ba shi 9, jimla 14 ke nan, ya gaza da ɗaya tak, sai in ce ƙafarsa ta zame a kan gansakuka, mai gadin ya juyo da fitilarsa. A nan za ki ga yaran sun miƙe zaune, kowa yana kawo dabarar da za a ceci abokinsu. Yaron da ya daɗe yana wasan ya san cewa yana bukatar 10 ko fiye, wato fuska 11 cikin 20, kashi 55 cikin ɗari, kuma ya yi wannan lissafin a kansa kafin ya yanke shawarar yin kasadar. Aikin ƙwayar ke nan gaba ɗaya: ta raba gardama a kan ko abin da aka yi niyya ya yiwu ko bai yiwu ba.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a 1974, ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, sannan Hasbro ya sayi Wizards ɗin a 1999, kuma har yau a hannunsu yake. Asali a gida ake yin sa, abokai biyar ko shida su riƙa haɗuwa a ɗakin ɗayansu suna ci gaba da labari guda har tsawon shekaru. Wannan yana da daɗi matuƙa ga wanda yake da abokan, amma wanda ya sauka a sabon gari, ko yaron da babu mai sha'awar abin a ajinsu, ba shi da ƙofar shiga. Kuma ko ya samu wani teburin, jarumin da ya raina a wancan gidan ba zai karɓu a nan ba, saboda kowane jagora da irin dokokinsa da irin kyautar da yake rabawa.

Wannan matsalar ce ta haifar da wasa mai tsari irin wanda ɗanki yake son shiga. A 1980 kamfanin TSR ya kafa ƙungiyar 'yan wasa mai suna RPGA, wadda ta fara da shirya gasa a manyan taruka, sannan a 1987 ta ɓullo da Living City, inda mutum zai ƙirƙiri jaruminsa ya riƙa yawo da shi daga taro zuwa taro yana girma. Daga 2000 zuwa 2008 an yi Living Greyhawk, wanda ya raba ƙasashen duniyar labarin ga yankunan duniyarmu, har jiharku ta Ohio ta samu wata ƙasa da ake kira Veluna a matsayin nata rabon. A 2010 aka fara D&D Encounters, gajeren zama na mako-mako a kantuna ranar Laraba, kuma daga nan ne Laraba ta zama ranar wannan wasa a kantuna da dama har yanzu. Adventurers League ya zo a 2014 tare da bugu na biyar na dokokin wasan.

Yadda tsarin yake aiki shi ne an ɗaure kowa da ƙa'ida ɗaya domin jarumi ya iya tashi daga wannan tebur ya zauna a wancan ba tare da an cuci kowa ba. Ba a yarda mutum ya jefa ƙwaya a gida ya zo ya ce sa'a ta ba shi jarumi mafi ƙarfi ba. Ko dai ya raba wa siffofi shidan nan na jaruminsa lambobin da aka ƙayyade, wato 15 da 14 da 13 da 12 da 10 da 8, ko ya sayi lambobin da maki 27 da kowa yake da su daidai. Tebur yana ɗaukar 'yan wasa 3 zuwa 7 ban da jagora, kuma an rubuta yawancin labaran ne da lissafin mutum biyar, a kan su ƙare cikin awa biyu ko huɗu. Matakan girman jarumi 20 ne, an kasa su gida huɗu, daga 1 zuwa 4, daga 5 zuwa 10, daga 11 zuwa 16, sannan daga 17 zuwa 20, kuma ba a haɗa ɗan gidan farko da ɗan gida na uku a labari ɗaya. Bayan kowane zama ɗan wasa yana rubuta sunan labarin da ranar da abin da jaruminsa ya samu a wata takardar ajiye tarihi, wadda ita ce shaidarsa a duk inda ya je. Babu ɗan sandan da yake bin wannan takarda, amana ce kawai take riƙe da ita, kuma na sha mamakin yadda yara suke tsare ta, har wani ya dawo mako na gaba ya ce ya yi kuskuren ƙara wa kansa zinariya, a gyara.

Akwai kuma Pathfinder Society, irin wannan tsarin ne amma na wani wasa makamancinsa mai suna Pathfinder na kamfanin Paizo, wanda aka fara a 2008, kuma kantuna da yawa suna gudanar da duka biyun a ranaku daban-daban. Shi ya fi tsauri wajen rajista, domin kowane ɗan wasa yana da lambarsa, kuma jagora yana ba shi takardar shaida bayan kowane labari. A wajen uwa dai bambancinsu kaɗan ne.

Game da kuɗi, mai kanti ɗan kasuwa ne, kuma yana ba da teburansa ne saboda wanda ya zauna awa uku a wurin da wuya ya fita bai sayi komai ba. Wasu kantunan ba sa karɓar ko sisi, wasu suna karɓar 'yan daloli na kujera, kuma sau da yawa sukan mayar wa mutum da su a matsayin abin da zai yi sayayya da shi a kantin. Babban littafin 'yan wasa yana kusan dala 50, jerin ƙwayoyi bakwai kuma dala kaɗan ne, amma ba sai ya sayi littafin ba kafin ya fara, domin kamfanin Wizards ya saka dokokin farko kyauta a intanet, kuma jagorori sukan zo da jarumai shiryayyu saboda baƙi. Jagoran kansa galibi ɗan sa-kai ne, ba ma'aikacin kamfanin ba, wani lokaci ma ba ma'aikacin kantin ba ne.

A kan batun caca, babu kuɗin da ake zubawa a kan sakamakon ƙwaya, babu wanda yake tashi da kuɗin wani, kuma zinariyar da jarumi yake samu lamba ce a takarda wadda ba ta sayen ko ruwan leda. Inda nake so ki sa ido sosai shi ne kan kantar mai kantin, domin yawancin irin waɗannan kantuna cinikin kati ne yake riƙe da su, musamman Magic: The Gathering, wanda ake sayarwa a cikin rufaffun ƙunshi, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya yaga, wani lokaci ya dace da kati mai tsada, yawanci kuma ya tashi da na banza. Wannan wasa ne daban da wanda ɗanki yake nema, amma a ɗaki ɗaya ake yin su, kuma na ga yaran da suka shigo don labari suka koma ƙarar da kuɗin kashewarsu a kan yaga ƙunshi. Sai kuma batun ƙwayar kanta. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani mai tsanani a kan nardi, wani wasan allo da ake jefa ƙwaya a cikinsa, kuma malamai sun yi magana a kan ko hanin ya shafi duk wasan da ake jefa ƙwaya ko da babu kuɗi, kamar yadda ake tattaunawa a kan ludo a gida. Wannan hukunci na malamai ne, don haka ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa bayanin gadar nan da na yi miki yadda yake, domin ya yi fatawa a kan abin da ake yi a zahiri.

Batun sihiri ma ba zan rufe miki komai ba. A cikin labaran akwai matsafa da aljanu da gawarwaki masu tafiya da gumakan ƙirƙira, kuma daga cikin nau'o'in jarumai 12 da ke babban littafin akwai wanda yake bauta wa ɗaya daga cikin gumakan nan, akwai kuma wanda ya ƙulla alkawari da wata ɓoyayyiyar halitta don ya sami ƙarfi. Sai dai abin da littafin ya kira tsafi ba shi da surkulle ko wani abin karantawa; idan kika buɗe shafin tsafin da ake kira ƙwallon wuta, abin da za ki tarar shi ne faɗin wurin da zai ci, taku 20 daga tsakiya, da umarnin a jefa ƙwayoyi 8 masu fuska shida a tara jimlarsu. A shekarun 1980 an yi babban tashin hankali a Amurka a kan wannan batu, har wata uwa mai suna Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan a 1983, kuma kamfanin TSR ya cire kalmomin shaiɗanu daga bugu na biyu da ya fito a 1989. Ni a nawa ganin, yaro mai shekara 15 da ya san aƙidarsa yana bambance almara da gaskiya kamar yadda muka bambance Dodon tatsuniya, amma ke kika san ɗanki. Idan kin ga dama ki sharɗanta masa ya ɗauki mayaƙi ko maharbi ko ɗan leƙen asiri, ya bar masu hulɗa da gumaka, kuma babu jagoran kirki da zai tambaye shi dalili.

Yanzu bari in dawo kan jagora, domin a nan ne zuciyata take. Tsarin da na bayyana miki yana buɗe ƙofa ga kowa, kuma wannan shi ne alherinsa, shi ne kuma haɗarinsa, tunda wanda zai zauna kusa da ɗanki zai iya zama ɗalibi sa'ansa, zai iya zama magidanci ɗan shekara 50 wanda ba ku taɓa gani ba. Ƙa'idar tsarin ta hana cin zarafi, kuma ta ba jagora da mai kanti ikon sallamar duk wanda ya ƙi jin magana, amma ƙa'ida ba ta aiki sai an sami mai tsayawa a kanta. Jagoran kirki yana tambayar sunan baƙo tun kafin a fara, yana faɗin abubuwan da ba za a kawo a teburinsa ba, kamar batsa da zurfafa bayanin zubar da jini, yana kuma lura da wanda ya yi shiru. Wasu suna ajiye wani kati a tsakiyar tebur wanda duk wanda labarin ya kai inda ransa ba ya so zai taɓa shi a wuce wurin ba tare da an nemi ba'asi ba.

Wannan lura da mai shiru na koye ta ne da ciwo. A shekarata ta farko akwai wani yaro mai kunya da ya zo shi kaɗai, ya zauna a ƙarshen tebur da fensirinsa sabo fil, a teburin kuma akwai wani babba mai yawan magana wanda ya san dokoki fiye da ni. Duk lokacin da na tambayi yaron abin da zai yi, kafin ya buɗe baki wancan ya riga ya faɗa masa, shi kuma sai ya gyaɗa kai ya jefa ƙwaya. Na ga abin yana faruwa, amma na bar shi saboda ina gudun ɓata wa tsohon ɗan wasa rai. Yaron ya yi godiya da aka tashi, ya tattara takardarsa, bai sake dawowa ba, kuma har yau ina tuna shi. Tun daga ranar, idan na tambayi mutum, nakan ɗaga hannu ga sauran in ce a bar shi ya yi tunani, ko da shirun zai kai rabin minti.

Akwai kuma gazawar da take cikin tsarin kansa, wadda ya kamata ɗanki ya sani don kada ya yi tsammanin abin da babu. Tunda dole labari ya ƙare cikin lokacinsa kafin a rufe kanti, kuma mutanen teburin suna canzawa daga mako zuwa mako, labaran sukan zama a miƙe, jagora ba shi da sararin bin 'yan wasa duk inda suka karkata kamar yadda ake yi a gida. Tebur mai mutum bakwai ma wahala ne, domin a lokacin faɗa kowa da layinsa, kuma idan kowane mutum ya ci minti biyu, sai yaro ya jira kusan kwata na awa kafin a sake zagayowa kansa, a nan ne waya take fitowa daga aljihu. Dokokin tsarin su ma sukan canza. A 2018 an sauya yadda ake samun lada da dukiya zuwa wani lissafin maki wanda 'yan wasa da yawa suka ƙi, aka sake gyara shi a shekarar da ta biyo. Saboda haka ni nakan ɗauki teburin kanti a matsayin wurin koyo da samun abokai, kuma sau da yawa waɗanda suka saba da juna a can sukan koma su kafa nasu zaman a gida. Idan hakan ta taso, sabuwar magana ce da ke bukatar sabon izini daga gare ki, domin gidan wani ba fili ba ne kamar kanti, kuma zai fi kyau a ce a falonki za a yi.

Shawarata ita ce ki kai shi da kanki ranar Larabar farko, ko mahaifinsa ya kai shi, ku isa kamar minti 20 kafin a fara. Ki nemi mai kantin ki tambaye shi wanda yake shirya zaman, da ko akwai teburin da aka ware wa matasa, da ko ana sayar da giya a wurin, domin wasu wuraren rabi kanti ne rabi mashaya, sannan ki tambayi ƙarfe nawa ake tashi. Yawancin kantuna suna so a yi rajistar kujera tun kafin ranar, ta shafinsu ko ta wani dandali mai suna Warhorn, saboda haka ya bincika kada ku je ku tarar an cika. Ki gaisa da jagoran, ki gaya masa cewa yaron zai tashi idan lokacin sallar magariba ya yi. Ana yin hutu a tsakiyar zama dama, kuma ni ban taɓa jin nauyin daidaita hutun da lokacin wani ba. Daga nan ki ja kujera gefe ki zauna ko da rabin awa ne, ba wanda zai hana ki, ki duba ko jagoran yana kallon fuskar kowa idan yana magana, da yadda yake yi idan wani ya katse wani, da irin kalaman da manyan teburin suke furtawa a gaban yara. Shi kuma yaron ya tafi da fensir da magogi da ruwan sha da ɗan abin taɓawa daga gida, sannan ya ce wa jagoran wannan ne zuwansa na farko, domin a zaunar da shi kusa da wanda zai nuna masa ƙwayar da zai ɗauka ba tare da ya karɓe masa jarumin ba.